Tsakanin gungume da falanki: inda ribar cinikin katako take maƙalewa

Wanda ya taɓa shiga kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano da sassafe ya san ƙamshin ɗanyen itacen nan da ke tarar mutum tun daga bakin titi. Tirela ta kwana a hanya daga kudu, leburori na sauke falankai a kafaɗa, kafinta na tsugune yana ɗaga tubaifo ɗaya bayan ɗaya, ya kanne ido ɗaya ya bi tsawonsa da kallo ko ya tanƙware, ya ƙwanƙwasa shi ya ji ko ya bushe. Afara, obeche, loko, mahogani: duk cikinsu babu wanda aka sara a dajin Kano. Rufin ɗakunanmu da ƙofofinmu da gadajen amarenmu daga wani daji mai nisa suke zuwa, kuma wannan dajin ba mu kaɗai ke zawarcinsa ba. Akwai mai masana'antar kujeru a China, akwai mai shimfiɗa daɓen katako a Italiya, akwai mai ƙera ƙofofi a Biyetnam, kowannensu aljihunsa ya fi namu nauyi.

Masu wannan harka a duniya sun kasa itace gida biyu. Akwai na bishiyoyin ƙasashen sanyi masu ganye siri-siri kamar allura, wanda shi ne akasarin abin da ake gini da shi, ana kuma yin takarda da shi. Akwai kuma na bishiyoyi masu faɗin ganye, wanda ake kira katako mai tauri, shi ne na kayan ɗaki da daɓe da ƙofofi da kayan kiɗa. Sunan yana iya ruɗar mutum, domin obeche da za ka iya lotsawa da farce a wannan rukuni yake, tare da loko da ke dakushe zarto. Ana cinikinsa da kubik mita, kuma a takardun kwastan na duniya lamba biyu ce ke riƙe da shi: 4403 ta gungume, 4407 ta itacen da aka tsaga wanda kaurinsa ya haura milimita 6. Kusan duk rigimar da ake yi a wannan ciniki tsakanin lambobin nan biyu take.

Dalili a fili yake. Gungume idan ya shiga injin tsagawa, sau da yawa rabinsa ko fiye yana tafiya a ɓawo da gefe-gefe da dusar katako. Abin da ya rage a ware shi daraja-daraja, a jera shi a ɗakin busarwa na makonni har danshinsa ya sauko wajen kashi 8 zuwa 12 cikin 100, domin falankin da bai bushe ba idan ya shiga gida mai na'urar ɗumama ɗaki a Turai tsagewa zai yi. Kowane mataki a nan aikin yi ne ga wani: mai injin, mai wasa zarto, mai tantancewa, direba, makaniki. Ragowar ma ba asara ba ce, ana yin filawud da gawayi da makamashi da ita. Ƙasar da ta loda gungume a jirgi ta loda duk waɗannan ayyuka tare da shi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Najeriya ta san wannan darasi tun da wuri. Garin Sapele da ke jihar Delta ta yanzu, a nan kamfanin UAC ya kafa katafariyar masana'antar katako da filawud a zamanin Turawa, an ma laƙaba wa wani jan itace mai daraja sunan garin, kuma da shi ake kiransa a kasuwannin duniya har gobe. A shekarun 1950 da 1960 ƙasar na cikin manyan masu fitar da katako a Afirka. Da dajin ya ja baya, buƙatar cikin gida kuma ta ƙaru, gwamnati ta hana fitar da gungume a 1976, kuma jerin kayan da hukumar kwastan ta haramta fitarwa ya ƙunshi katako, tsagagge da wanda ba a tsaga ba. Indonesiya ta rufe tata ƙofar a 1985, Ghana a tsakiyar shekarun 1990, Myanmar a watan Afrilun 2014, Rasha kuma daga Janairun 2022. Kukan ma ba na matalautan ƙasashe kaɗai ba ne. A 2021 masu injinan tsaga katako a Faransa sun yi ta kokawa cewa 'yan kasuwar China na saye musu gumaguman itacen ok (oak), wani katako mai tauri na ƙasashen sanyi, tun daga daji, suna barin injinansu babu abin tsagawa.

Gabon ce aka fi kafa misali da ita a Afirka. A 2010 Shugaba Ali Bongo ya hana fitar da gungume baki ɗaya, a ƙasar da daji ya rufe kusan kashi 88 cikin 100 nata, wadda kuma itacen okume, wanda ake yin filawud da shi, ya daɗe yana cikin manyan hajojinta bayan man fetur. Shekarun farko sun yi zafi: saran ya ragu, kuɗin shigar gwamnati daga harajin fitarwa ya faɗi. Daga baya yankin masana'antu na Nkok da ke kusa da Libreville ya cika da injina, ƙasar ta zama ɗaya daga cikin manyan masu fitar da siraran fallayen itacen da ake haɗa filawud da su, dubban mutane suka samu aiki. Nasara ce, kuma bai kamata a rage mata daraja ba. Sai dai akwai abubuwa biyu da masu yabon ba su cika faɗa ba. Yawancin masana'antun na masu jari ne daga Indiya da China, saboda haka albashi ya zauna a gida amma kaso mai tsoka na riba ya ci gaba da ƙetare teku. Sannan masu sayen gungume ba su daina saye ba, maƙwabta suka koma: Kamaru, Kongo, Ikwatoriyal Gini. Wannan ne ya sa ƙasashen ƙungiyar tattalin arzikin tsakiyar Afirka ta CEMAC da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo suka yanke shawarar rufe ƙofa tare daga Janairun 2022, aka ɗaga zuwa 2023, aka sake ɗagawa zuwa 2028. Kamaru ta zaɓi ta riƙa ƙara harajin fitar da gungume a hankali, har ya kai kashi 75 cikin 100 a 2024.

Ko a Gabon ɗin doka ba ta hana hannu shiga ba. A 2019 kwantena 353 na wani itace mai tsada da ake kira kebazingo, waɗanda hukuma ta kama, suka yi ɓatan dabo a tashar jiragen ruwa ta Owendo. Lamarin ya ci kujerar mataimakin shugaban ƙasa da ta ministan gandun daji.

Amma inda abin ya fi taɓa mu shi ne labarin madobiya. Bahaushe ya san wannan bishiya tun kafin duniya ta san kuɗinta. Makiyayi yana sassaɓe ganyenta ya ba shanu a ƙarshen rani lokacin da ciyawa ta ƙare, jan ƙaronta yana shiga rini da magani, masassaƙi yana son ta don turmi da ƙotar fartanya, tana jure gobarar daji, tana kuma ƙara wa ƙasa taki. Girmanta a hankali yake, sai ta shekara gommai kafin ta yi kaurin da za a kira ta gungume. A can China akwai wata daɗaɗɗiyar al'ada ta kayan ɗaki na alfarma da jan itace mai nauyi, irin na fadojin sarakunan daulolin Ming da Qing, ana ce masa hongmu. A shekara ta 2000 gwamnatin ƙasar ta fitar da jerin nau'o'in itace 33 da suka cancanci wannan suna, aka mayar da su 29 a 2017, kuma madobiya na ciki. Da masu kuɗi suka yawaita a China, dazuzzukan Laos da Kambodiya da Myanmar da suka saba ciyar da wannan kasuwa suka ƙare, sai ido ya dawo kan savannar Afirka ta Yamma. China kanta ta fara taƙaita sara a dazuzzukanta na asali bayan ambaliyar kogin Yangtze ta 1998, ta hana shi gaba ɗaya don kasuwanci a 2017. Ta tsare nata dajin, buƙatarta kuma ta fita waje neman abinci.

Guguwar ta riƙa tafiya ne ƙasa bayan ƙasa, kamar fara. Gambiya da yankin Kasamans na Senegal, Gini Bisau bayan juyin mulkin 2012, Togo, Benin, arewacin Ghana, sannan Najeriya, wadda kafin a ankara ta zama kan gaba a duniya wajen tura wa China irin wannan itace. Daga Kogi da Binuwai aka gangaro Taraba da Adamawa. Mutanen Bali da Gashaka da Kurmi da Garba Chede ba sa bukatar a ba su labari. A can sunan da 'yan kasuwa suka sa wa bishiyar shi ne madrid, wasu su ce koso. Matasa suka ajiye fartanya suka ɗauki injin sara, aka buɗe hanyoyin mota a cikin dajin da da sai sawun shanu, saran ya kai har bakin gandun dajin Gashaka-Gumti. Kuɗi ya shiga ƙauyuka, ba za a musa ba. An sayi babura, an yi rufin kwano, an yi aure. Abin da ya shiga ɗin dai ɗan tsito ne idan aka gwada da farashin itacen a tashoshin China, kuma cikin 'yan shekaru manyan bishiyoyin suka ƙare, 'yan kasuwar suka kwashe injinansu suka yi gaba, zuwa Saliyo da Mali.

To ta yaya kayan da doka ta hana fitarwa ya cika dubban kwantenoni ya bi ta tashar Legas? A nan ne lambobin kwastan ɗin nan biyu suka yi aiki. An buɗe ƙofa ga abin da aka kira itacen da aka sarrafa ko aka ɗan sarrafa, da niyyar ƙarfafa masana'antu. Sai mai sara ya kayar da bishiya, ya ɗauki injinsa ya fefe gefenta huɗu a nan cikin daji, ta koma dunƙule mai kusurwa huɗu. Aikin 'yan mintuna. A ido gungume ne da aka aske, kuma ma'anar lamba 4403 ta haɗa har da wanda aka yi wa irin wannan askin. A takardar fita kuwa ya zama sarrafaffen katako. Babu masana'anta, babu ɗakin busarwa, babu ma'aikaci ko ɗaya da ya ƙaru. An cika harafin doka, an yashe manufarta.

A 2016, a taron Johannesburg, ƙasashen yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar barazana suka sanya madobiya a jeri na biyu, dokar ta fara aiki a farkon Janairun 2017. Ma'anar wannan jeri ita ce ciniki bai haramta ba, amma sai ƙasar da ke fitarwa ta nuna da hujjar kimiyya cewa saran ba zai gama da bishiyar ba, kuma an sare ta bisa doka. A ƙarshen 2017 ƙungiyar binciken laifukan muhalli ta EIA ta fitar da rahoto tana zargin cewa an ba da takardun izini kusan 4,000 bayan kayan sun riga sun bar Najeriya, domin a saki gumagumai kimanin miliyan 1.4 da suka maƙale a tashoshin China, masu darajar kusan dala miliyan 300. Hukumomin da abin ya shafa sun musanta aikata ba daidai ba. A 2018 CITES ta dakatar da cinikin madobiya daga Najeriya, a watan Yunin 2022 kuma cinikin ya tsaya a duk ƙasashe 16 da bishiyar ke fitowa. Kamfanin jiragen ruwa na CMA CGM ya daina ɗaukar katako daga Gambiya a 2020, ƙasar da ta riƙa fitar da madobiya fiye da abin da dajinta ke da shi. Matakai ne masu kyau, amma ga dazuzzukan Taraba da dama ihu ne bayan hari. Wanda yake ganin wannan ƙaramar magana ce ya duba rahoton ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da manyan laifuka na 2016: cikin duk abin da aka kama na fasa-ƙwaurin namun daji da tsirrai tsakanin 2005 da 2014, jan itace irin wannan shi ne kashi 35 cikin 100 na darajar kamun, ya ɗara hauren giwa.

Ɓangaren masu saye ma ba ɗaya ba ne. Amurka ta gyara dokarta ta Lacey a 2008 ta mayar da shigo da itacen da aka sara ba bisa ƙa'idar ƙasarsa ba laifi, kuma ta nuna da gaske take: kamfanin Lumber Liquidators ya biya sama da dala miliyan 13 kan itacen ok da aka sato daga gabashin Rasha. Tarayyar Turai ta fara aiki da tata dokar a watan Maris na 2013, ta kuma ƙulla yarjejeniyoyi da ƙasashe masu daji don su riƙa ba da lasisin halaccin katako. Ghana ce ta fara sanya hannu a 2009, Kamaru a 2010, amma Indonesiya ce ta fara ba da lasisin a 2016, Kamaru kuwa ba ta kai ga bayar da ko ɗaya ba. A 2023 Turai ta ƙara tsaurarawa: mai shigo da katako sai ya nuna ainihin wurin da bishiyar ta tsiro a taswira, ya tabbatar ba a ɓarnata dajin ba bayan 31 ga Disamba, 2020. An ɗage fara aiki da dokar fiye da sau ɗaya saboda ƙorafi daga ciki da waje.

Niyyar waɗannan dokoki mai kyau ce, ina kuma goyon bayansu. Abin da ke damuna shi ne yadda suka raba kasuwa biyu. Babban kamfani mai lauyoyi da taswirar tauraron ɗan adam yana cika takardu ya sayar wa Beljiyam da Faransa tsagaggen katako busasshe da tsada. Wanda ba zai iya ba, ko ba ya so, sai ya juya kwantenarsa zuwa inda ba a yawan tambaya. A shekaru ashirin da suka wuce akalar katakon tsakiyar Afirka ta karkata daga Turai zuwa Asiya, China a gaba, Biyetnam na biye, ita da ta zama babbar mai sayen itacen tali na Kamaru. Wani ɓangare na itacen nan yana komawa Amurka da Turai a matsayin kujera ko tebur da aka ƙera a Asiya, asalinsa ya riga ya ɓace a hanya. Dogaro da mai saye ɗaya kuma haɗari ne ko ga masu ƙarfi: da rikicin haraji ya ɓarke tsakanin Amurka da China a 2018, masu injinan tsaga jan ok a tsaunukan Appalachia na Amurka, waɗanda suka dogara da kasuwar China, sun ji a jikinsu, wasu suka rage ma'aikata, wasu suka rufe.

Akwai wata ƙasa da ta dace a tsaya a kanta. Tailan ta hana sara a dazuzzukanta na asali a 1989, bayan ambaliya da zaftarewar ƙasa sun hallaka ɗaruruwan mutane a kudancinta. Duk da haka yau tana sahun farko a duniya wajen fitar da tsagaggen katakon yankuna masu zafi, kusan dukkansa zuwa China. Sirrin shi ne bishiyar roba. Manomi ya tatse ta shekara ashirin da biyar zuwa talatin, idan ƙaronta ya ja baya a sare ta a tsaga a busar a sayar, a dasa wata a gurbinta. Itacen da a da ake ƙonawa ya zama haja. Ba shi da kyan madobiya, ba shi da ƙarkon loko, amma gobe ma akwai shi.

Sai kasuwa ta uku, wadda ba ta shiga kwantena, ba ta cika shiga alƙaluma ba, ita ce kuma tamu. Binciken da cibiyar nazarin dazuzzuka ta duniya, CIFOR, ta yi a Kamaru ya nuna cewa katakon da ƙananan masu injin hannu ke tsagawa don kasuwar cikin gida da maƙwabta ya kai, ko ma ya fi, abin da manyan kamfanoni ke fitarwa waje. Daga dazuzzukan gabashin ƙasar ake hauro da shi ta Ngaoundéré zuwa Garwa da Marwa da Kuseri, ya ƙetara Njamena, wani ya shigo arewa maso gabashin Najeriya. Na kudancin Najeriya kuma ya zo Kano, ya wuce Maraɗi da Damagaram. A Ghana an haramta tsaga katako da injin hannu don sayarwa tun 1998, amma har yau shi ne mafi yawan abin da ke rumfunan 'yan katako, domin masana'antu masu lasisi sun fi son mai biya da yuro. Ga yadda abin ke zagayowa: falanki mai kyau, busasshe, mai takarda, ya tafi teku, mai gini a Kumasi ko Kano ya samu ɗanye wanda aka tsaga a daji da injin da ke cinye itace mai yawa a dusa. Ba a kirga mai wannan injin a matsayin ɗan kasuwa, ba ya samun bashin banki, harajinsa kuma a shingayen hanya yake biyansa, ba ya shiga baitulmali. Duk wata manufar da ta tsaya a tashar jiragen ruwa ta bar shi a waje ta bar rabin matsalar.

Ra'ayina shi ne hana fitar da gungume daidai ne, amma shi kaɗai ba ya tsayar da komai. Sai an fayyace a doka abin da ake nufi da sarrafawa, da kauri da faɗi da matakin bushewa, yadda aski huɗu ba zai wuce a matsayin falanki ba. Sai da wutar lantarkin da za ta riƙe ɗakin busarwa, domin babu mai busar da katako na makonni da janareta ya yi gogayya da Biyetnam. Sai an ƙirga bishiyoyin da ke tsaye kafin a raba izinin sara, abin da rashinsa ne ya jawo dakatarwar CITES tun farko. Kuma a Najeriya dazuzzuka na hannun jihohi, fitarwa na hannun tarayya, saboda haka jiha na iya karɓar kuɗin sara a kan itacen da Abuja ta ce ba zai fita ba, kowa ya ce ba a gonarsa aka yi ɓarnar ba.

Kasuwar dai ba ta tsaya jiran mu ba. Da ƙofar madobiya ta fara rufewa, masu saye suka waiwayi 'yan uwanta. A taron CITES na Panama a watan Nuwamban 2022 an ƙara kawo da maɗaci a jeri na biyu, tare da sauran dangin madobiya na Afirka, dokar ta fara aiki a Fabrairun 2023, kuma ta haɗa gungume da tsagaggen katako duka. Kawo shi ne wanda makiyaya ke haɗawa da madobiya wajen ciyar da shanu da rani. Maɗaci kuwa shi ne dogon nan mai inuwa da aka jera a bakin tsofaffin titunan Kano da Zariya da Kaduna, wanda iyayenmu ke jiƙa ɓawonsa su ba mu idan ciki ya murɗa.